Warin Jima da Takalmin Roba

Idan aka kai gaisuwar neman aure gidan yarinya a Tamale, iyayenta sukan ce a ba su lokaci su yi bincike. Addini ya yarda da haka, hankali ma ya yarda. Ana so a san ko yaron yana salla, ko yana shaye-shaye, ko yana da abin riƙe mace. Amma akwai tambayar da ba a yi wa yaron, ba a yi wa waliyyinsa. Tsofaffi ne suke yi wa junansu ita bayan la'asar, murya ƙasa-ƙasa: su wane ne kakanninsa, me suke yi? In amsa ta fito mahauta, ko wanzamai, ko maroƙa, ko majema, to a wasu gidaje magana ta mutu ke nan. Ba wanda zai ce maka dalilin. Za a aiko a ce an yi istihara ba ta yi kyau ba, ko a ce ashe baffanta ya riga ya yi mata miji a Kumasi.

Na san irin wannan aike domin an taɓa kawo shi gidanmu, a kan ɗan kawuna, yaron da ya sauke Alƙur'ani kuma yake koyarwa a makarantar gwamnati. Mu majema ne. Kakan mahaifina Bakano ne da ya biyo ayarin fataken goro ya zauna a Salaga. Da yaƙin basasa na 1892 ya watsa garin, wasu suka nufi Kete Karaci, wasu Yeji, shi kuwa ya yi ta sauka yana tashi, har Turawa suka mai da Tamale mazaunin mulkin Arewa a 1907, ya zo ya kafa tukwanensa a inda yau ake kira Majema, cikin Zangon Hausawa. A nan na girma. Fatar akuya takan kwana a ruwan toka har gashi ya saki, a kankare ta, a wanke, a jiƙa ta a bagaruwa, a shafa mata mai, sannan a rina ta ja da karan dafi ko baƙi da kuloko. Aikin yana da wari, ba abin ɓoyewa ba ne, kuma warin yakan shiga ƙarƙashin farce ya ƙi fita. Ni yanzu rumfa gare ni a kasuwar Aboabo, ina sayar da silifa da takalman roba da jakunkunan mata masu kama da fata, dukansu daga Sin.

Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, wannan tambaya ta tsofaffi ba ta da mafaka a littafin da muke karantawa. Duk wanda ya kai Muhtasar na Shehu Halilu a zaure ya san cewa a mazhabar Imamu Malik, dacewar miji da mata ana duba ta ne a addini da kuɓuta daga aibobin da ke ba da damar raba aure. Wasu malaman mazhabar sun ƙara 'yanci, amma sana'a da nasaba ba sa cikin sharaɗi. Malaman Hanafiyya da Shafi'iyya ne suka saka su, har suka ambaci masaƙi da mai ƙaho da majemi da mai shara a matsayin waɗanda ba su kai 'yar attajiri ko 'yar malami ba. Mu ba Hanafawa ba ne. Kuma ko su, hujjar da ke gabansu tana da nauyi. Abu Hindin wanzami ne, shi yake yi wa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ƙaho, kuma Abu Dawuda ya ruwaito cewa an umarci Banu Bayada su ba shi aure, su ma su nema a gidansa. Ibrahim, ɗan Manzon Allah, a gidan maƙeri aka shayar da shi, cikin hayaƙin zuga-zugi. Uwar muminai Zainab 'yar Jahshi, 'yar dangi, jima take yi da hannunta, ta ɗinka fata, ta sayar, ta yi sadaka da kuɗin. Da a ce yau jikanta ya zo neman aure Aboabo, ban san yadda istiharar za ta kasance ba.

Dole in yi adalci, kada in mai da ƙaiƙayi kuturta. Ba wanda ya taɓa hana ni ɗiban ruwa a famfo. A babban masallacin Tamale kafaɗata tana gogar ta Alhaji mai manyan motoci, ba ya matsawa. Muna cin tuwo a kwano ɗaya a wurin suna da wurin sadakar bakwai. Dagombawa, masu ƙasar, su ma suna da sana'o'in gado: nakohinima masu fawa, machelnima maƙera, wanzamai, da lunsi makaɗa, har sukan ce wanda ya gaji kiɗa ya ƙi yi, ciwo ko taɓin hankali na iya samunsa. Amma makaɗin lunga a wurinsu shi ne ma'ajin tarihin sarakunan Yendi, ba kallon da Bahaushe yake yi wa maroƙi suke yi masa ba. Namu raini ne mai ladabi, wanda yake gaishe ka, ya ci abincinka, sai an zo maganar haɗa jini ko limanci ko sarauta ya ɗaga kai.

A Indiya abin ya wuce nan nesa. Mutanen da yau suke kiran kansu Dalit, waɗanda ƙidayar 2011 ta nuna sun kai kimanin miliyan 200, an ɗauki taɓa jikinsu a matsayin najasa. Su ne masu feɗe mushe, masu jima, masu kwashe bayan gida. Jagoransu Bhimrao Ambedkar, da aka haifa a 1891, ya ba da labarin yadda yake zama a kan buhunsa daban a aji, kuma in ƙishirwa ta kama shi sai masinjan makaranta ya tsiyayo masa ruwa daga sama, don kada bakinsa ya taɓa moɗa. In masinja bai zo ba, ba ruwa ranar. Ya yi karatu har Amurka da Ingila, ya dawo da digirin digirgir, amma a watan Maris 1927 sai da ya jagoranci dubban mutane zuwa wani tafki a garin Mahad domin kawai su sha ruwa. Bayan sun tafi, masu gari suka yi wa tafkin tsarki da fitsari da kashin saniya. A ƙarshen wannan shekara shi da mutanensa suka ƙona Manusmriti, tsohon littafin dokokin da ya jera mutane hawa-hawa. Shi ne ya shugabanci kwamitin da ya rubuta tsarin mulkin Indiya na 1950, wanda sashe na 17 a cikinsa ya haramta wannan ƙyama. Duk da haka bai natsu ba. Ranar 14 ga Oktoba 1956 a Nagpur ya bar addinin Hindu ya shiga addinin Buda tare da dubban ɗaruruwan mabiyansa, bai cika wata biyu ba ya rasu.

Ambedkar ya fita ne domin ya ga cewa littafin addinin da aka haife shi a ciki yana bayan masu raina shi. An gaya wa mai feɗe mushe cewa laifin da ya yi a wata rayuwa da ta gabata ne ya jefa shi nan, don haka haƙuri shi ne ibadarsa. Namu akasin haka ne, kuma shi ya sa tambayar ta fi wuya. Littafi yana bayanmu. Suratul Hujurati ta ajiye fifiko a kan taƙawa. Wanda ya fara kafa hujja da asali a gaban Allah shi ne Iblis, da ya auna wuta da yumɓu. To in nassi ya hana abu ƙarara kuma abin ya rayu shekaru dubu da ɗaruruwa a cikin masu karanta nassin, me yake ciyar da shi? Musulmin Indiya ma ba su tsira ba: akwai masu kiran kansu Ashraf, akwai na ƙasa da su, har a 1998 wani ɗan jarida mai suna Ali Anwar ya kafa ƙungiyar Pasmanda a Bihar domin Musulmin da aka bari a baya, masaƙa da mahauta da masu shara. Shahada ba ta goge musu sana'ar kaka ba. Muslim ya ruwaito hadisin da ya lissafa alfahari da asali da sukar nasaba cikin al'adun jahiliyya da wannan al'umma ba za ta bari ba. Wasu suna karanta shi kamar izini. Ni ina jin sa kamar likita yana gaya maka ciwon da ke bin danginku.

Akwai ayar da ake yawan jawo mana, a Suratuz Zukhrufi, mai maganar cewa Allah ne ya raba abin rayuwa tsakanin mutane, ya ɗaga wasu a kan wasu domin su yi wa juna aiki. Wani dattijo ya taɓa karanta mini ita a rumfata, ya ce, “Ɗana, kowa da inda Allah ya ajiye shi.” Na ce, “Gaskiya ne, Baba,” domin ba a musu da furfura a kasuwa. Amma a duba ayar da ta gabace ta. Manyan Makka ne suke ƙorafin me ya sa ba a saukar da wahayi ga wani ƙasaitaccen mutum na Makka ko Ɗa'ifa ba, sai ga maraya. Ayar ta zo ne ta ƙwace musu ikon rarraba daraja, ta gaya musu cewa ko abincin duniya ba su ne suka raba ba, balle rahamar Ubangiji. Bambancin arziki da buƙatar juna gaskiya ne: mai saniya yana buƙatar mahauci, mahauci yana buƙatar majemi, majemi yana buƙatar baduku, sarki yana buƙatar su duka kafin ya sami sirdi. Abin da ayar ba ta ce ba shi ne wannan jeri ya shiga jini ya bi 'ya'ya da jikoki. Ɗaukar ayar da ta rushe girman kan masu asali a mai da ita katangarsu, wannan aikin mutane ne, ba ƙaddara ba.

Maƙwabcina a kasuwa, wani saurayi da ya karanta tattalin arziki a jami'ar UDS ta nan Tamale, yana ganin duk wannan ɓata baki ne. Yakan ce, “Malam, bar wa'azi, kasuwa za ta gama da shi. Kwantena ba ta tambayar sunan kakanka.” A Indiya ma akwai masu wannan ra'ayi cikin Dalit ɗin kansu. Marubuci Chandra Bhan Prasad ya daɗe yana cewa jari-hujja ce za ta karya tsarin, kuma a 2005 Milind Kamble ya kafa majalisar 'yan kasuwar Dalit. Ba ƙarya suke yi ba gaba ɗaya. Bahaushe ya san kuɗi yana wanke abubuwa da yawa. Alhaji Umaru na Kete Karaci, Bakanon da ya zauna Salaga ya rasu a 1934, ya yi waƙa guda a kan talauci da wadata, kan yadda ake girmama mai shi a wulaƙanta marashi ko da wane ne ubansa. Na ga mahaucin da ya yi arziki da safarar shanu daga Burkina Faso zuwa Kumasi, ya je Makka, ya gina bene, istihara ta yi masa kyau a gidajen da ba ta yi wa ɗan kawuna ba.

Amma a lura da yadda wankin yake faruwa. Mutum ɗaya ne yake fita, kuma yana fita ne ta hanyar nesanta kansa da wuƙa. 'Ya'yansa ba za su taɓa zuwa mayanka ba, jikokinsa za su ce kakansu ɗan kasuwa ne. Rainin bai mutu ba, an dai biya shi kuɗin fansa. Waɗanda suka rage kuwa, ga abin da kasuwar duniya ta yi musu.

Gado danga ce: tana tsare ka a ciki, amma tana kuma hana wani shigowa ya ci abincinka. A da, ba mai yanka ya sayar a Tamale sai ɗan gidan fawa, ba mai taɓa fata sai mu. An raina mu, amma ba a iya yi ba tare da mu ba. Daga 1983, lokacin da gwamnatin Rawlings ta karɓi sharuɗɗan IMF da Bankin Duniya, aka fara buɗe iyaka ana janye tallafi. Shinkafar Arewa, wadda ta bunƙasa bayan shirin ciyar da kai na Janar Acheampong a 1972 har injin casa na Nasia yake aiki ba hutu, ta sha ƙasa a gaban ta Tailan da Biyetnam da Amurka. Je ka layin masu hatsi a Aboabo ka ƙirga buhunan. Masana'antar naman gwangwani ta Zuarungu kusa da Bolga ta rufe. Kajin ƙanƙara daga Turai da Amurka da Barazil suka cika firiza a kowace unguwa, cinya da fiffike da ƙashin baya, a farashin da mahauci ba zai iya bi ba. A 2003 majalisar dokokin Gana ta ɗaga harajin shigo da kaji daga kashi 20 zuwa kashi 40 cikin 100. IMF ta nuna rashin yarda, aka dakatar da dokar. Manoman kaji suka je kotu suka yi nasara a 2005, amma majalisa ta soke dokar dungurungum. Mu majema kuwa an ci mu ta gaba da baya. Fatar shanu ta koma tukunya, domin mai sayar da ganda ya fi mu iya biya. Abin da muka jeme kuma, robar Sin ta karya masa farashi. Ni da kaina nake sayar da ita, kuma na san ba mai sayen takalmin baduku alhali da kuɗinsa zai sami silifa uku.

Dangar ta faɗi ta gefe ɗaya ke nan. Abincin ya tafi, sunan ya zauna. A Indiya an ga mai kama da haka bayan 1991, da Manmohan Singh ya buɗe tattalin arziki: guraben aikin da doka ta keɓe wa Dalit a ma'aikatun gwamnati suke, kamfanoni masu zaman kansu ba ruwansu da su, to duk abin da aka sayar ko aka ba ɗan kwangila ya fita daga lissafi. Mai shiga ramin masai dai har yau daga gidajen nan yake fitowa, duk da dokokin 1993 da 2013 da suka haramta aikin, sai dai yanzu ba shi da fansho.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin Una, a jihar Gujarat. A watan Yuli 2016 masu da'awar kare saniya suka kama wasu samari huɗu 'yan gida ɗaya suna feɗe mushen saniya, aikin da aka tilasta wa kakanninsu, suka ɗaure su jikin mota suka yi ta dukansu, suka ɗauki bidiyo. Martanin Dalit bai tsaya a zanga-zanga ba. Sun yi rantsuwa sun daina ɗaukar mushe. Wasu suka kwaso gawarwakin shanu suka zube a ƙofar ofisoshin gwamnati, suka ce masu kiran saniya uwa su zo su binne uwarsu. Suka yi tattaki daga Ahmedabad zuwa Una tare da wani matashin lauya, Jignesh Mevani, suna neman a ba kowane gida eka 5 na gona. Ƙauyuka suka yi ɗoyi. Wanda aka raina ya gano cewa ƙazantar da ake ƙyamarsa dominta ita ce makaminsa, tun da ba mai iya taɓa ta sai shi.

Mu wannan makami ya fita hannunmu ba tare da mun taɓa ɗaga shi ba. In majeman Tamale suka ce daga gobe sun ajiye aiki, wa zai ji? Masu gidan wuƙa da masu ɗaurin laya za su yi ƙorafi, Turawa masu yawon buɗe ido da ake kawowa Majema su ɗauki hoto za su rasa wurin zuwa, shi ke nan. In mahauta suka rufe mayanka, firiza tana nan. Mutumin da ake buƙata yana iya cewa a'a. Wanda aka daina buƙata, ko a'a ɗinsa ba ta da mai saye. Wannan ne abin da maƙwabcina ɗan jami'a bai saka a lissafinsa ba.

Kuma kasuwar da aka ce ba ta san asali ba tana ƙera nata. 'Yan matan Dagomba da Mamprusi da ke tafiya Ankara da Kumasi yin kayayo, suna ɗaukar dilar gwanjon Turai a ka a kasuwar Kantamanto, suna kwana a barandar shaguna, daga garuruwan da shinkafa ta mutu suke fitowa. Samarin da suka shekara suna ƙona wayoyin tsofaffin kwamfutoci a Agbogbloshie ta Ankara don cire tagulla, kafin a rushe wurin a watan Yuli 2021, akasarinsu 'yan nan ne, Tamale da Savelugu da Tolon. Sharar duniya tana buƙatar mai taɓa ta, kuma a Gana an san daga wane gefen ƙasa ake samo shi. Gefen da a da ake kai bayi daga cikinsa zuwa Kumasi a matsayin gandu, gefen da Turawa suka ajiye don lebura a ma'adinai da gonakin koko. Tuni na fara jin iyaye a nan suna cewa ba sa so ɗansu ya auri wadda ta yi kayayo.

Mu ma ba wankakku ba ne. Ambedkar ya lura cewa abin da ya sa irin wannan tsari yake daɗewa shi ne kowane hawa yana da na ƙasa da shi, don haka kowa yana da abin karewa. A Salaga Hausawa ba goro kaɗai suka saya ba. Kakata, Allah ya jiƙanta, wadda aka ƙi jikanta don jima, ta san gidajen da aka ce asalinsu na ƙangi ne a Zango, tana kuma lissafa su in an zo maganar aure. A Nijar sai 2003 aka mai da bauta laifin da ake hukuntawa, bayan matsin ƙungiyar Timidria, kuma a Oktoba 2008 kotun ECOWAS ta kama gwamnatin ƙasar da laifin kasa kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana da shekara 12 a yankin Ƙonni. Ƙasar Hausa ce, ba Gujarat ba.

Tamale gari ne da ya san rigimar addini. Tun zamanin malami Afa Ajura da makarantarsa ta Anbariyya an yi ta kai ruwa rana da 'yan Tijjaniyya a kan wazifa da bukukuwan mutuwa da abin da yake bidi'a da wanda ba ita ba, har gidaje suka rabu. A iya zamana a majalisun ɓangarorin biyu, ban ji an ɗauki tambayar tsofaffin nan ta bayan la'asar da irin wannan zafi ba. Ana karanta labarin Bilal a kan mumbari kowa ya yi kabbara. Malamin da zai ɗauki 'yarsa ya ba ɗan mahauci a bainar jama'a, ya faɗi dalilinsa, shi ne nake jira in gani, domin fatawarsa za ta fi huɗuba arba'in tafiya.

Na kai wa kawuna duk wannan magana wata Juma'a, yana zaune bakin tukwanensa, shi da yara biyu da suka rage masa a wurin da a da ba a samun wurin tsayawa. Ya saurari labarin Mahad da na Una har ƙarshe. Da na zo kan eka 5 ya gyaɗa kai ya ce waɗannan mutane suna da hankali. Sannan ya ce, “Kai ɗan nan, ni ban roƙi kowa ya girmama ni ba, kuma yaron ya yi aurensa a wani gidan, ga 'ya'ya nan. Fata nake nema. In ka san wanda zai ba ni bashi kafin babbar salla in riga masu ganda zuwa ƙofar gidajen layya, kai ni wurinsa.” Na yi masa alkawarin abin da rumfa za ta iya, in cinikin silifa ya yi kyau a watan azumi.